Amsoshin Tambayoyinku: Ana Sayen Tsawo a Kemis?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙu biyu muka ɗauko, duka a kan girman jiki.

Ta farko daga wata uwa ce a Agege. Ta ce ɗanta ya shekara 11, ƙaninsa mai shekara 8 ya kusa kamo shi a tsawo, kuma wani mai kemis ya nuna mata kwalbar maganin ƙara tsawo. Ta saya ko ta bari?

Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Umarnin girma daga cikin kai yake fitowa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wani ɗan ƙullutu da likitoci ke kira fituwitari, nauyinsa wajen rabin giram. Shi ke fitar da sinadarin girma zuwa cikin jini. Amma ba gaban kansa yake yi ba. A samansa akwai sashen ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, wanda ke aiko masa da saƙo iri biyu: GHRH mai cewa saki, da somatostatin mai cewa dakata, kamar totur da birki a ƙafar direba. Shi ya sa sinadarin ba ya kwarara a kai a kai, tsiyayowa yake jefi-jefi, kuma mafi yawansa yana fita ne idan barci ya yi nauyi, a farkon dare bayan yaro ya kwanta. Na san halin Legas, yara kan tashi tun kafin asuba saboda cunkoson hanya, don haka a daure a kwantar da su da wuri.

Daga nan sinadarin sai ya isa hanta, ita kuma ta samar da wani sinadarin mai suna IGF-1, wanda ke sa guringuntsin da ke ƙarshen dogayen ƙasusuwa ya riƙa ƙaruwa. Idan IGF-1 ya wadata a jini, sai ya koma ya sanar da ƙwaƙwalwa a sassauta. Abin lura a nan: yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki, ko da sinadarin girmansa ya yi yawa, hantarsa ba ta amsa kira yadda ya kamata. Wake, ƙwai, kifi, nono, sun fi masa wannan kwalbar. Sinadarin girma na gaske ma ba a shansa, ciki zai narkar da shi, allura ake yi.

Yawancin gajerun yara lafiyarsu ƙalau, gado ne, ko kuma jinkirin balaga. Duk da haka, ki jingina ɗanki da bango babu takalmi, ki ja layi da fensir, ki sake bayan wata 6. Yaro a wannan shekarun kan ƙara kamar santimita 5 a shekara. In layin ya tsaya wuri guda, ki kai shi wurin likitan yara a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. Za su ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu, su auna jini, su duba sinadarin maƙogwaro, domin ƙarancinsa ma yana tsayar da girma. Kada ki jira sai ya balaga.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ne mai dako a kasuwar Mile 12, shekararsa 24. Yana tambaya ko allurar sinadarin girma za ta ƙara masa tsawo.

Ɗan uwa, ba za ta ƙara ba. Bayan balaga guringuntsin nan yana rikiɗewa ya zama ƙashi, a mata da wuri, a maza galibi kafin shekara 20, kuma ba ya sake buɗewa. Idan sinadarin ya yi yawa tun ana yaro, mutum kan zama zanƙalele, irin Robert Wadlow na Amurka da ya kai mita 2.72 ya rasu a 1940 yana da shekara 22. In kuwa a babba ne, tsawo ba ya motsi, sai dai haɓa ta fito, yatsu su yi kauri, sukari da hawan jini su biyo baya. Duk wanda ya ga zobensa ya daina shiga, takalminsa na matse shi alhali ya daɗe da gama girma, ya je a duba masa fituwitari.