Wa Ke Naɗa Magajin Garin Firenze?

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau Italiya muka nufa, birnin Firenze, wanda 'yan boko suka fi sani da Florence. Ga Malam Kabiru, ga kuma Nura da kofin shayinsa.

NURA: Anti Hadiza, ni fa a garin nan Fiorentina kawai na sani, masu jesi ruwan makuba.

MALAM KABIRU: To yau za ka ƙaru. Magajin gari can sindako suke ce masa. In akwai biki sai ka gan shi da ɗamara ya rataya a kafaɗa, kore da fari da ja, launin tutar ƙasar. Ofishinsa yana Palazzo Vecchio, ginin da ya haura shekara 700.

HADIZA: Ashe tun da can jama'a ke zaɓensa?

MALAM KABIRU: Ina! Bayan haɗewar Italiya sarki ne ke naɗa shi. A 1889 aka bar wa kansiloli zaɓen a manyan garuruwa. Da Mussolini, shugaban kama-karya na ƙasar, ya yi ƙarfi, a 1926 sai ya share komai, ya kawo podesta, wanda gwamnati ke ɗorawa.

NURA: Kantoma ke nan, Malam!

MALAM KABIRU: Shi ɗin dai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, aka dawo da zaɓen ƙananan hukumomi, shekarar da mata suka fara jefa ƙuri'a. Amma kansila za ka zaɓa, su kuma su shiga ɗaki su yi ciniki a tsakaninsu.

HADIZA: Ni a karatun da na yi, wanda ya tsaya min a rai shi ne Giorgio La Pira. Ya hau a 1951. Ɗan Sisili ne, malamin shari'a, ya daɗe yana kwana a wani ɗan ɗaki a gidan ibada na San Marco. Har cewa ake yi in ya fita da kwat ba lalle ya dawo da ita ba, ya ba wani mabuƙaci a hanya.

NURA: Ɗan siyasa? Anya kuwa?

HADIZA: Saurara mana. A 1953 masu masana'antar Pignone suka tashi rufe ta. Ma'aikata suka mamaye wurin, shi kuma ya tsaya musu, ya yi ta matsa wa Enrico Mattei, shugaban kamfanin man ENI, har sai da kamfanin ya karɓe ta. Da rashin muhalli ya yi tsanani, ya tono wata tsohuwar doka ta 1865, ya sa aka buɗe gidajen masu kuɗi da ke kulle aka zuba waɗanda aka kora daga haya.

MALAM KABIRU: Amma duba yadda tsarin ya yi masa. Bayan zaɓen 1956 jam'iyyu suka kasa daidaita kansu a majalisa. A 1957 ya sauka, gari ya koma hannun kwamishinan da gwamnati ta turo, sai 1961 ya dawo. Talakawan da ke ƙaunarsa kuwa ba wanda ya tambaye su.

NURA: To me ya karya wannan cinikin?

MALAM KABIRU: Badaƙalar cin hanci da ta fashe a Milan a 1992. Manyan jam'iyyu suka zube. A Maris 1993 aka yi doka mai lamba 81: jama'a su zaɓi magajin gari da hannunsu. A garin da ya wuce mutum 15,000, in ba wanda ya haura rabin ƙuri'u, biyun da ke gaba su sake karawa bayan mako biyu. Wanda ya ci, yawanci ɓangarensa na samun kashi 60 na kujerun majalisa. Kuma in kansiloli suka tsige shi, su ma kujerunsu sun tafi, a koma akwati.

NURA: Au! Ka ture ni, mu faɗi tare. Wa zai yi gangancin nan?

HADIZA: Ni kam ina da ja a nan, Malam. Ƙarfin ya taru a hannun mutum ɗaya, kansila ya kusa zama ɗan amshin shata.

MALAM KABIRU: Ban musa ba. Shi ya sa a manyan birane wa'adi biyu a jere ne kawai, shekara biyar-biyar. Na farko da Firenze ta zaɓa haka, a 1995, Mario Primicerio ne, masanin lissafin da ya raka La Pira Hanoi a 1965 wajen Ho Chi Minh, shugaban Vietnam ta Arewa. Matteo Renzi kuma daga wannan kujera ya zama firaminista a 2014, yana da shekara 39.

NURA: Yanzu wa ke kai?

HADIZA: Mace ce, ta farko a tarihin garin, Sara Funaro. A 2024 ta kayar da Eike Schmidt, haifaffen Jamus da ya shugabanci gidan tarihin Uffizi, a zagaye na biyu. Kakanta Piero Bargellini shi ne magajin gari ranar 4 ga Nuwamba 1966, da kogin Arno ya ɓalle ya cika garin da taɓo.

NURA: Na zaci an daina gado, ga shi jika ta hau!

MALAM KABIRU: Kakan kansiloli ne suka ɗora shi, ita kuwa sau biyu mutanen gari suka yi mata layi. Sha shayinka, Nura, ya huce.