Percy Girouard: Sojan da Ya Ja Layin Dogo Zuwa Kano

Idan ka taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Kano ko ta Zariya ka dubi ƙarafan dogon nan, to yau za ka ji labarin mutumin da ya shata hanyarsu. Sunansa Percy Girouard, hafsa ne a rundunar injiniyoyi ta sojan Birtaniya, kuma a fagen yaƙi ya yi suna.

An haife shi a Montreal ta ƙasar Kanada a 1867. Ya gama makarantar horar da hafsoshi ta Kingston a 1886, ya taɓa aiki da kamfanin jirgin ƙasa, sannan ya sa kaki a 1888.

Sudan ce ta fito da shi. Janar Kitchener, Baturen da ke jagorantar sojan Masar, yana son ya murƙushe daular Mahadi, amma Kogin Nilu ya yi wani babban lanƙwasa, ga duwatsu sun tare wa jiragen ruwa hanya. Sai ya yanke shawarar a ratsa hamadar Nubiya kai tsaye, daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, tafiyar mil 230 ko fiye. Masana da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Aka damƙa aikin ga Girouard, Laftana mai shekara talatin.

Ku kwatanta wurin a zuciyarku. Ba gari, ba inuwa, ba rijiya. Ruwan da ma'aikata za su sha da wanda kan jirgi zai sha, galibi jirgin ne ke ɗauko su daga baya, tare da ƙarafan da za a shimfiɗa gobe. Tashoshin ma ba su sami suna ba, don babu ƙauyen da za a kira su da shi, sai lamba: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. An fara a Janairun 1897, kafin Oktoba ta ƙare dogo ya isa Abu Hamad.

A kan wannan dogo aka kwaso sojoji da manyan bindigogi. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Omdurman, aka kashe mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, wajen dubu goma cikin wuni guda. Duk mai yaba gwanintar Girouard, to ya riƙa tunawa da abin da jirgin ya ɗauko.

Daga nan ya shugabanci hukumar jiragen ƙasa ta Masar, ya kuma riƙe sufurin jirgi a yaƙin Afirka ta Kudu. A 1907 aka turo shi Zungeru ya gaji Lugard a mulkin Arewa.

Dabararsa ita ce kada a jira layin da ke tahowa daga Legas. A fara daga Baro, a bakin Kogin Kwara cikin ƙasar Nufe, inda jiragen ruwa za su sauke kaya idan kogi ya cika. Daga can a bi ta Minna, a haye Kogin Kaduna, a wuce Zariya, a faɗa Kano, mil 350 da 'yan kai. Ya dage a yi shi da araha.

To, wa ya biya wannan arahar? Talakawa. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tattaro mutane, ƙauye-ƙauye, kowa da adadin da zai kawo. Manomi ya bar gonarsa, a miƙa masa diga da kwando, ya wuni yana jidar ƙasa a ka. Ana ba su 'yan kuɗi, amma da yawa ba da son ransu suka je ba, wasu kuma suka gudu.

Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba. Tun daga 1912 gyaɗa ta fara cika tasha, kuma nan ne tushen dalar gyaɗa da aka san Kano da ita.

Shi Girouard bai ga wannan ba. A 1909 aka mayar da shi gwamnan ƙasar da yau ake kira Kenya, inda ya yi murabus a 1912 kan rikicin tayar da 'yan ƙabilar Masai daga makiyayarsu ta Laikipia. Dogo ya isa Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, shekara biyu bayan tafiyarsa. Ya mutu a Landan a 1932.