Sharhi: Zaman waƙafi a Legas, hukuncin da babu alƙalin da ya yanke

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar caji ofis a garin nan da sanyin safiya ya san mutanen da ake tararwa a wurin. Dattijo ɗaya, samari biyu ko uku, wannan riƙe da burodi da ruwan leda, wancan yana ta buga waya gida. An yi samame da daddare an kwashe musu ɗan'uwa. Mai shayi ne, ko mai gadi, ko ɗan acaɓa, ko yaro mai tura baro da ke kwana a rumfar kasuwa don ba shi da ɗaki. A jikin bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Dattijon ko kallon bangon bai yi ba, hannunsa na cikin aljihu yana ƙirga abin da 'yan gari suka haɗa. In kuɗin sun kai, kafin azahar yaro ya koma bakin sana'arsa. In ba su kai ba, sai kotu, daga kotu sai gidan yari, a ce ya jira.

Wannan jiran shi ne iyayenmu ke kira zaman waƙafi. Alƙaluman hukumar kula da gidajen gyaran hali ta ƙasa sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A nan Legas ba sai an je da nisa ba. Gidan yarin Ikoyi an gina shi ne don mutum 800, amma an sha ƙirga fiye da 3,000 a ciki. A watan Disambar 2019 wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a wani ɗaki nasa da aka cunkusa mutane fiye da ƙima. A shekarar ce kuma aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali. Suna dai ya sauya.

Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce, shi wannan tsarewar kafin shari'a, me take yi wa mutum? Amsa ta yi wuya, domin kullum za a iya cewa ai waɗanda aka hana beli dama su ne miyagun. Sai wasu masana tattalin arziki uku a Amurka, Will Dobbie da Jacob Goldin da Crystal Yang, suka samo dabara. A biranen Philadelphia da Miami, alƙalin da zai duba belinka sa'a ce kawai, ya danganta da wanda ke kan aiki lokacin da aka kawo ka. Wani alƙalin mai sassauci ne, wani mai tsanani. Ke nan za a sami mutum biyu masu tuhuma iri ɗaya da tarihi iri ɗaya, ɗaya ya kwana gida, ɗaya ya kwana a tsare, ba don komai ba sai don alƙalin da rabo ya haɗa su da shi. Suka bi ƙararraki fiye da 400,000, suka fitar da sakamako a 2018. Wanda aka tsare ya fi saurin amsa laifi, don haka ya fi samun hukunci. Bayan 'yan shekaru kuma, shi ne ya fi rasa tsayayyen aikin yi.

Wani binciken na 2017 a gundumar Harris ta jihar Texas, wanda ya duba ƙananan laifuka zalla, ya sa lamba a kan abin. Waɗanda aka tsare sun fi takwarorinsu da aka saki amsa laifi da kashi 25 cikin ɗari, sun fi su shan ɗauri da kashi 43 cikin ɗari, kuma daga baya sun fi su sake faɗawa hannun hukuma da sabon laifi. A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. An tsare mutum don a kare jama'a, sai ga shi tsarewar ce ta ƙara wa jama'a masu laifi. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: aiki ya tafi, ɗakin haya ya tafi, jari ya narke, abokan da ya yi a ciki su ne suka rage masa.

Na san wani zai ce Amurka daban, Legas daban. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɗauko lambobinsu a liƙa mana ba. Amma a can ana maganar kwanaki ne da makonni. Mu nan watanni ake ƙirgawa, wani lokacin shekaru. Idan kwana uku na iya karya mutum a inda yake jin yaren kotu, ina ga baƙon da ya sauka daga tirelar shanu wata shida da suka wuce?

Na taɓa zama a wata kotun majistare a garin nan, aka shigo da wani saurayi, ba zai wuce shekara ashirin ba, silifas ɗinsa wari da wari. Magatakarda ya karanta tuhuma da Turanci, da sauri kamar mai karanta rasit. Aka tambaye shi ko ya gane. Ya ce "Yes sa." Aka tambaye shi ko ya aikata. Ya ce "Yes sa." Wallahi da an tambaye shi ko shi ne gwamnan jihar, amsar da zai bayar ke nan, don ita kaɗai ya iya, kuma a gida an koya masa ba a yi wa babba musu. Allah Ya sa alƙaliyar ta lura, ta ce a nemo mai jin Hausa. Ba a samu ba a ranar, sai aka ɗage zaman. Ɗagewar nan adalci ce a takarda, amma shi a motar gidan yari ya koma. Alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ba ya jin harshen da ake masa shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. Sashe na 35 kuma ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wace unguwa ce a Legas ta yi wa kotu nisan haka?

Ko an ba da belin ma, tsugune ba ta ƙare ba. Sau da yawa sharaɗin shi ne a kawo mutum biyu da za su tsaya masa, masu adireshin da za a je a tabbatar, masu shaidar biyan haraji ga jihar. Ɗan ci-rani daga Jigawa ko Sakkwato ko Zamfara, wanda duk waɗanda ya sani a garin irinsa ne, ina zai samo su? Sai ka ji an ce an ba shi beli tun bara, kuma yana nan a gidan yarin Kirikiri. Idan kuma aka rubuta masa babbar tuhuma irin fashi da makami, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar, iyakarsa ya tura shi waƙafi har sai ofishin daraktan gabatar da ƙara na jiha ya ba da shawara. Fayil ɗin da babu mai bin sa kuwa, ƙura ce abokiyarsa.

Kada a ɗauka ina cewa a buɗe ƙofa kowa ya fita. Akwai masu ƙwacen waya, akwai 'yan fashi, kuma 'yan'uwanmu masu gadi su ne kan gaba wajen shan wuƙarsu. Binciken ma bai ce ɗauri ba shi da amfani ba. A ƙasar Norway, wani nazari da aka buga a 2020 da irin waccan dabara ta alƙalai ya gano cewa ɗauri ya rage komawa laifi sosai, amma ragin ya fito ne daga waɗanda ba su da aiki kafin a ɗaure su, aka koya musu sana'a a ciki, suka fito suka kama aiki. Ashe ba bangon ne ke gyara mutum ba, abin da aka yi da shi a bayan bangon ne. To wace sana'a za a koya wa mutum 3,000 a wurin mutum 800, yawancinsu ma ba su san ranar fitarsu ba?

Sai batun 'yan sanda, inda komai ke farawa. Garin nan ne ya zama cibiyar zanga-zangar EndSARS a watan Oktobar 2020. An rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga wata, aka yi abin da aka yi a Lekki ranar 20, kwamitin bincike na Mai Shari'a Doris Okuwobi ya miƙa rahotonsa a Nuwambar 2021. Tun daga nan maganar da ta fi yawo a bakin hukuma ita ce kusanto da 'yan sanda ga al'umma, a riƙa taro da masu unguwa, a riƙa sintiri a ƙafa. Abin da daɗin ji. Sai dai a 2021 mujallar Science ta buga wani babban gwaji da aka yi na wannan tsari a ƙasashe shida: Brazil, Kolombiya, Laberiya, Pakistan, Filifins da Uganda. Ba a ga amana ta ƙaru ba, ba a ga laifi ya ragu ba. Masu binciken sun danganta hakan da manyan da ba su riƙi abin da gaske ba, da yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, da rashin kayan aikin da za a bi koken da jama'a suka kawo. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ba sa bukatar mujalla ta gaya musu wannan. Sai sun gama sabawa da DPO, an sha shayi an yi musayar lamba, sai a ɗauke shi a kawo wani, a koma gidan jiya.

Abin mamaki, dokokin suna nan, kuma Legas ce ma ta riga kowa. Tun 2007 ta yi dokarta ta tafiyar da shari'ar laifuka, shekara takwas kafin ta tarayya ta 2015. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a kama uba don an rasa ɗa, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Dokar 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane na 'yan sanda duk wata. Jihar tana da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta tun shekarar 2000, ga kuma hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda ke da tsarin tura lauya caji ofis tun kafin a kai ga kotu. Mutum nawa ne a Alaba Rago ko mayankar Oko-Oba suka san da su?

Mu tuna abin da ya faru a ƙarshen Agustan 2019, lokacin da jami'an jihar suka tare mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48. Ba a jima ba aka sake su, domin maganar ta cika gari, an san adadinsu, an san inda suke. Da ɗaya bayan ɗaya aka tsince su a lunguna, wa zai ƙirga?

Shi ya sa nake ganin a nan ne namu aikin yake, mu mazauna garin. Mun iya karo-karo. Ƙungiyar 'yan albasa, ta 'yan tumatir, ta mahauta, ta 'yan canji, kowace na tara kuɗi duk mako, kuma idan aka kama wani ba a rasa abin kaiwa bayan kantar 'yan sanda. Wannan kuɗin da ake kaiwa a ɓoye, shi ne ke sa gobe a sake samame. Da kasuwa ɗaya za ta ɗauki lauya ɗaya mai jin Hausa ta riƙa biyansa duk wata, a sa lambarsa a bakin kowane masallaci, da an rage zuwa Kirikiri. Da dattawan da suka yi shekara talatin a garin, masu gida da takardar haraji, za su yarda a rubuta sunayensu a matsayin masu tsaya wa yaran da shugabanninsu suka shaide su, da beli ya zama beli. Ɗalibanmu da ke jami'o'in garin nan kuma, ga aikin tafinta yana jiransu. Sannan a buɗe littafi a fadar kowane sarki: wa aka kama, yaushe, ina aka kai shi, wace rana za a koma kotu.

A watan Nuwambar 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya fara sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar, waɗanda rashin biyan tara ne kawai ya riƙe su. Jimillar kuɗin naira miliyan 585, kuma daga gudummawar masu hali da kamfanoni aka tara su. Idan aka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Waɗannan ma an yanke musu hukunci, an san sunayensu, shi ya sa suka shiga lissafi. Saurayin nan mai silifas wari da wari, tun da ba a yanke masa komai ba, babu tarar da wani zai biya masa.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. A huta lafiya.