Abraham Cahan, editan da baƙin New York suka mayar mai unguwa

Ku yi tunanin wani shafin jarida a gabanku. Daga dama ake fara karanta shi zuwa hagu, haruffan na Ibrananci ne, amma harshen ba Ibrananci ba ne. Yidish ne, harshen gida na Yahudawan gabashin Turai, wanda tushensa yake kusa da Jamusanci. Duk wanda ya san ajami zai gane abin da sauri: harufan littafin addini ne aka ara ana rubuta maganar kasuwa da ta tsakar gida.

Sunan jaridar Forverts, wato "gaba dai". Ta fara fitowa a New York ranar 22 ga Afrilu, 1897, kuma mutumin da ya riƙe ragamarta sama da shekara arba'in shi ne Abraham Cahan.

An haife shi a 1860 a wani ƙauye kusa da Vilna, a Lituweniya ta yau, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin sarkin Rasha. Gidan malamai ne, kakansa limamin Yahudawa ne, mahaifinsa kuma yana koyar da Ibrananci. Yaron bai bi layin gida ba. Ya shiga makarantar horon malamai ta gwamnati, ya faɗa cikin samari masu karanta littattafan juyin juya hali a ɓoye. A 1881 aka kashe sarki Alexander na Biyu, aka shiga farautar masu irin wannan ra'ayi, aka kuma far wa unguwannin Yahudawa a garuruwa da dama. 'Yan sanda suka binciki ɗakinsa. Bai jira su dawo ba. A 1882 ya sauka Amurka, yana da shekara 21, babu Turanci a bakinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Tsakanin 1881 da 1924, Yahudawa wajen miliyan biyu suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, da yawansu suka cunkushe a unguwar Lower East Side ta New York, suna ɗinki a ƙananan masana'antu daga asuba har dare. Cahan ya yi aikin naɗe taba, ya koyi Turanci da sauri har ya koma koyar da shi ga sababbin zuwa a ajin dare.

Yana cikin waɗanda suka kafa Forverts, amma ko shekara bai yi ba ya tattara nasa ya nasa. Abokan tafiyarsa 'yan gurguzu ne masu son doguwar muhawara, shi kuwa ya gaji da jaridar da ma'aikaci ba zai iya karantawa ba bayan ya wuni a kan keken ɗinki. Ya koma wata jaridar Turanci, Commercial Advertiser, ya yi shekara huɗu yana ɗauko rahoto a ƙarƙashin edita Lincoln Steffens. A can ya koyi sana'ar: a je ofishin 'yan sanda, a je tashar jirgin ruwa, a saurari mutum, a rubuta abin da ya faɗa. Da ya dawo Forverts ya zauna daram a 1903, sharaɗinsa shi ne kada kowa ya sa masa baki.

Abu na farko da ya gyara shi ne harshe. Ya ce a rubuta Yidish yadda ake magana da shi a titi, ko da kalmomin Turanci sun shigo ciki. Masu kishin harshe suka yi ta zaginsa, wai ya gurɓata yare. Bai kula su ba. Ya rubuta sharhi yana ba iyaye mata shawara su riƙa ba yara hankici mai tsabta. 'Yan jam'iyya suka fusata, suka ce jaridar gwagwarmaya ba wurin maganar majina ba ce, shi kuma ya tambaye su ko yaushe gurguzu ya zama abokin gabar tsaftataccen hanci. Wani uba ya rubuto yana kukan ɗansa ya rungumi wasan besbol, Cahan ya ce masa ya bar yaro ya yi wasa, kada ya tashi baƙo a ƙasar haihuwarsa.

Amma abin da ya fi sa a tuna da shi ya fara ne a 1906, wani fili mai suna Bintel Brief, wato ƙunshin wasiƙu. Masu karatu ke rubutowa, edita yana amsawa. Wasiƙar farko daga wata mata ce da agogon ɗanta ya ɓata, agogon da suke kaiwa jingina duk lokacin da tukunya ta ƙi tafasa. Tana zargin maƙwabciyarta, wadda ta fi ta talauci. Ba ta nemi a kama ta ba, ta roƙa ne kawai a aiko mata da takardar jinginar ta gidan waya, za ta fanso abinta, zumunci ya ci gaba.

Daga nan wasiƙu suka ɓalle. Yarinya tana tambaya ko ta auri wanda ba addininsu ɗaya ba. Saurayi ya daina ibada amma ba ya son ɓata ran uwarsa. Magidanci yana tara kuɗin jirgi don ya kawo iyalinsa, maigidansa kuma ya rage albashi. A can gida waɗannan matsaloli gaban liman ko dattijon gari ake kai su. A New York babu dattijon, sai jarida. Amsoshin gajeru ne, babu wa'azi da yawa, galibi dai a yi haƙuri da juna, a shiga ajin dare, a shiga ƙungiyar ƙwadago. Wanda bai iya rubutu ba har biya yake yi a rubuta masa.

Akwai kuma wani fili mai zafi, inda ake buga hotunan mazajen da suka gudu suka bar mata da 'ya'ya, da suna da shekaru da sana'a. Ku yi tunanin mutum ya sayi jarida da safe a wani gari mai nisa, ya ga fuskarsa.

A ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antar riguna ta Triangle, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata ne Yahudawa da Italiyawa, domin an kulle wasu ƙofofin fita. Forverts ba ta tsaya a labari ba, ta zama muryar ƙungiyoyin maɗinka. Shekara guda bayan haka ta tare a gininta mai hawa goma a lamba 175, titin East Broadway. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 tana sayar da kofi sama da 250,000 a kullum.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Cahan mutum ne mai zafin kai, mai son a bi nasa. Ya yi faɗa da 'yan kwaminis da suka kafa tasu jaridar, Freiheit, a 1922, kuma ziyarar da ya kai Tarayyar Sobiyet a 1927 ta ƙara nesanta shi da su. Ya daɗe yana adawa da aƙidar Sahyoniya, wato neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, sai ya sassauta bayan ya je Falasɗinu a 1925, abin da ya ɓata wa tsofaffin abokansa rai. A ƙarshen shekarun 1930 ya ƙi buga littafin da Sholem Asch, ɗaya daga cikin manyan marubutansa, ya rubuta a kan rayuwar Annabi Isa, ya kuma bi shi da suka har suka rabu baram-baram. A jaridar dai marubuci Isaac Bashevis Singer, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1978, ya samu mafaka.

Dokar shige da fice ta 1924 ta rufe ƙofar da masu karatunsa ke shigowa. Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya shafe garuruwan da suka fito, aka hallaka Yahudawa miliyan shida, akasarinsu masu jin Yidish. 'Ya'yan da ya ce a bari su yi besbol sun girma suna karanta jaridun Turanci. Shanyewar jiki ta kwantar da shi a 1946, ya rasu a 1951 yana da shekara 91.

Jaridar ta koma fitowa mako-mako a 1983, ta ƙaddamar da bugun Turanci a 1990, sannan ta daina fitowa a takarda a 2019, ta koma intanet. Ginin East Broadway yana nan, an mayar da shi gidajen masu hannu da shuni, kuma fuskokin Karl Marx da Friedrich Engels, jagororin aƙidar gurguzu, da aka sassaƙa a saman ƙofarsa suna kallon masu shiga da fita.