Jawabin Maraba ga Mai Girma Bishop, daga Zumuntar Mata Katolika

Mai Girma Uban Dayosis ɗinmu, Fada mai kula da wannan Ikilisiya da sauran Fada-Fada, Sistoci, Katikis, iyayenmu masu sarauta, maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu karɓar baƙo, iyaye maza da mata: salamar Ubangiji Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san yadda hanyar garinmu take da damina, mun kuma san garuruwan da ke jiranka suna da yawa. Allah ya saka da alheri.

An ba mu mata bakin magana yau, don haka za mu taɓo abin da ya fi damunmu, wato haihuwa da riƙon 'ya'ya a wannan zamani na tsada.

Muna jin abin da ke fitowa daga Roma. A Janairun 2022 marigayi Paparoma Francis ya koka da ma'auratan da suka gwammace kiwon kare da kyanwa a kan haihuwa. Yana da dalili. A shekarar, jariran da aka haifa a Italiya ba su kai 400,000 ba, abin da ba a taɓa gani ba tun haɗewar ƙasar a 1861. A Koriya ta Kudu, a 2023, lissafin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, alhali sai ya kai kusan 2.1 al'umma ke maye gurbin kanta. Mu nan, Baba, kukan jariran da ke katse wa Fada wa'azi kowace Lahadi ya isa shaida cewa ba mu kai can ba. Amma a Nijeriya ma ana sauka: binciken lafiya na ƙasa ya nuna 5.3 a 2018, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 4.8.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, hirar mata a bakin rijiya ta sauya. Da can ɗa hannu ne a gandu. Yanzu kafin ya riƙe fartanya akwai kuɗin awo, kuɗin asibiti, kuɗin makaranta, ga buhun taki da ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Samarinmu suna jinkirta aure. Matan da suka yi aure kuwa suna tsakanin murya biyu. Surukai na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. A ɗakin awo kuma ana miƙo allura da ƙwayar hana ɗaukar ciki, a ce ki huta. Mace ta dawo gida da damuwa, tana jin kunyar tambayar Fada, ba ta san inda Ikilisiyarta ta tsaya ba.

Abin mamaki, Ikilisiya ta daɗe da yin magana, mu ne ba ta iso mu da harshenmu ba. Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda ya haɗa Bishop-Bishop na duniya, a 1965, ya kira 'ya'ya kyauta mafi girma ta aure, ya kuma ce miji da mata ne da kansu za su yanke shawarar yawan 'ya'yansu a gaban Allah. Ba suruka ba, ba gwamnati ba. Wasiƙar Paparoma Bulus na Shida, Humanae Vitae, ta 25 ga Yulin 1968, ta yaba wa masu karɓar 'ya'ya da yawa da zuciya ɗaya, ta kuma yarda cewa saboda dalili mai nauyi na lafiya ko na abin hannu ma'aurata za su iya dakatawa na wani lokaci, ko ma ba tare da sa rana ba. Abin da ta hana shi ne zubar da ciki, da juyar da mahaifa, da toshe haihuwa da magani ko na'ura. Hanyar da ta bari ita ce lura da kwanakin da mace ba ta ɗaukar ciki. A Janairun 2015, a jirgi daga Filifin, Paparoma Francis ya ce zama Katolika na gari ba ya nufin haihuwa kamar zomaye. Mutane sun riƙe wannan, sun manta cewa bayan kwana biyu ya ce ba manyan iyalai ne ke jawo talauci ba, tsarin tattalin arzikin da ya mai da kuɗi abin bauta ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san tazara. Mai jego takan tafi gidan iyayenta, ta shayar da ɗa kusan shekara biyu kafin yaye, kwanika kuma abin gori ne ga mijin kafin matar. Abin da ya ɓace shi ne haƙurin maza.

Ga roƙonmu na farko. Muna so Dayosis ta horar mana da ma'aurata, miji da matarsa tare, waɗanda za su koyar da hanyar Billings da Hausa. Likitoci biyu na Ostireliya, John da Evelyn Billings, su suka tsara ta, ba ta bukatar sayen komai, sai lura da alamun jikin mace. Amma ba ta aiki in mace kaɗai ta koya, domin akwai kwanakin da sai an ƙaurace wa juna. Idan mun kira taro a kan wannan, mata ke cika benci, maza suna gindin bishiya. Baba, kai za su ji. Ka faɗa musu yau, ga su nan zaune.

Na biyu, makarantar mishan. Muna koya wa mata karɓar 'ya'ya da murna, sa'an nan a koro na uku da na huɗu saboda kuɗin zango. Muna roƙon a duba ragi ga gidan da ke da yara fiye da biyu a makarantar.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, 'yan'uwanmu da Allah bai ba haihuwa ba. Ana kiransu juya, dangin miji suna zuga shi ya yi kishiya, wasu sun daina zuwa sujada saboda kallon da ake musu ranar baftismar jarirai. Koyarwar Ikilisiya ta ce ɗa kyauta ne, ba bashin da wani ke bin Allah ba, kuma auren da ba haihuwa cikakken aure ne. Muna so a ji wannan daga bagade, da bakinka. Da yawansu su ke riƙe da marayun da rashin tsaro ya bari a hannunmu.

Mun riga mun ba Fada sunayen ma'auratan da suka yarda a tura su horo, kuma zumunta za ta ɗauki kuɗin motarsu daga adashinmu. Ga kuma 'yar tsarabarmu, doya da zabi da man gyaɗa, daga gonakin matan da ke gabanka. Ka karɓa da haƙuri, ka sa mana albarka tare da 'ya'yanmu.

Shugabar Zumuntar Mata Katolika, a madadin dukan Ikilisiya.