Ba Sambatu Ba Ne: Yadda Ake Gina Waƙa Tun Ba a Sami Kalmominta Ba

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa.

Tun da aka fara yaɗa irin guntayen bidiyoyin nan na cikin sitidiyo, tambaya ɗaya ake ta turo mini: me mawaƙan nan suke yi haka, kuma me ya sa waƙa ke taɓa zuciya? Ga mawaƙi tsaye gaban makirufo, ido a rufe, kiɗa na tashi, amma ba abin da ke fita daga bakinsa sai "na-naa-na, la-laa, e-yee". Ku saurara da kanku.

(A sa sautin.)

Kun ji ko? Ko kalma ɗaya babu. Nan fa mutane suka yi caa. Wasu suka ce sambatu yake yi, wasu suka ce dama mawaƙan zamani ba su da abin faɗa, kwamfuta ke yi musu komai. Har da mai cewa a taimaka a kai bawan Allah a yi masa ruƙiyya.

Lafiyarsa ƙalau. Abin da kuka ji ɗin nan aiki ne, kuma a wurina shi ne mataki mafi wuya a duk harkar haɗa waƙar zamani. A nan ake sanin ko waƙa za ta zauna a kan mutane ko za ta wuce kamar ba a yi ta ba.

Bari mu bi abin da ake yi kafin wannan matakin a gurguje. Furodusa ne ke fara zama gaban fiyano da kwamfuta. Ya zaɓi saurin kiɗa. Ya sa ganga. Ya sa sautin ƙasan nan mai kauri da ake ji a ƙirji. Sai ya ɗora 'yan sautukan fiyano, galibi guda huɗu, su yi ta zagayawa. Ku dubi hannunsa na hagu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya dawo farko. Waƙoƙi bila adadin a duniya a kan irin wannan zagaye suke tafiya, kuma ba wanda ya mallake shi. Shi ke nan, shimfiɗa ta samu.

Yanzu mawaƙi ya shigo. Yawancinmu mun ɗauka da takarda yake zuwa, baitoci a rubuce tsaf, sai dai a nemo musu kiɗa. Akwai masu yin haka, ban musa ba. Amma a waƙar zamani da ake yi don ta kama kunnen jama'a, akasin haka ya fi yawa. Kari ake fara nema, wato hawa da saukar murya, inda za a ja da inda za a datse, inda za a yi shiru a ja numfashi. Kalmomi sai daga baya.

Me ya sa? Domin da zarar ka kama kalma, hankalinka ya koma kan ma'ana. Ka fara tunanin ko wannan ta dace, ko waccan ta fi hikima, ko za a ce ka yi wa wane habaici. Kunnenka kuma ya daina aiki. Shi kuwa "na-naa-na" ba ya nufin komai, saboda haka ba ya janye hankalin kowa. Mawaƙin zai iya gwada hanya goma cikin 'yan mintuna, yana watsar da wadda ba ta yi ba ba tare da ya ji ya yi asarar wani baiti mai tsada ba. Ku lura da fuskar furodusan a nan. Bai ce uffan ba, kai kawai ya ɗaga. An samu ke nan.

Wannan ba sabon abu ba ne. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles a Ingila ya sha ba da labarin yadda ya farka daga barci da wani kari a kansa, cikakke, amma babu kalmomi. Don kada ya ɓace masa, sai ya liƙa masa abin da ya fara zuwa bakinsa, wato zancen soyayyen ƙwai. Haka ya yi ta yawo da shi yana tambayar mutane ko sun taɓa jin wannan karin a wani wuri, don tsoron kada na wani ne ya ɗauko bai sani ba. Sai da aka daɗe kafin ainihin kalmomin su zo, waƙar ta fito a 1965 da sunan Yesterday, kuma tana cikin waƙoƙin da mawaƙa suka fi sake rerawa a duniya. Da a lokacin akwai waya mai kyamara, aka ɗauke shi yana rera wa ƙwai waƙa, Allah kaɗai ya san abin da za a ce.

To, idan an sami kari, ya ake sa masa kalmomi? Nan nake so ku ba ni hankalinku sosai, don nan ne mutane ke zaton abin wasa ne.

Aikin kamar na tela ne: awo ya riga ya fita, yadi ne za a yanka ya bi shi. Kowane "na" da mawaƙin nan ya furta gurbi ne. Wani gajere, wani dogo. Ga misali, ku saurara: ta-taa-ta-taa-ta. Gaɓa biyar. Gajera, doguwa, gajera, doguwa, sai ta rufewa. Yanzu mu sa mata Hausa. "Ina jiranki." I-naa-ji-ran-ki. Ta zauna daram, ko ba ku ji ba? To mu gwada wata mai ma'ana kusan ɗaya, ita ma gaɓa biyar: "Ni zan jira ki." Ku sake saurara.

(A rera su biyun a jere.)

Ta biyun ta yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. "Ni" doguwa ce, an cusa ta a gurbin gajera, dole mawaƙi ya haɗiye rabinta. A takarda ba za ka ga aibinta ba, kunne ne kawai ke kama ta. Ko wanda bai taɓa shiga ajin adabi ba zai ji wani abu ya karkace, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Sannan ga zancen wasali. Inda kari ya hau sama aka ja shi, mawaƙi yana son bakinsa a buɗe, shi ya sa za ku ji "aa" da "oo" sun cika irin waɗannan wurare. Gwada jan murya a sama da "ii", za ka ji maƙogwaro ya matse. Sau da yawa tun a wurin "na-naa" ɗin nan wasalin ya riga ya zaɓi kansa, marubucin sai dai ya nemo kalmar da ke ɗauke da shi.

A ƙasar Suwidin akwai wani mutum, Max Martin, wanda ya taso daga sitidiyon Cheiron a birnin Stockholm. Ya rubuta wa su Britney Spears, Backstreet Boys, Taylor Swift da The Weeknd, kuma waƙoƙinsa fiye da 20 sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. An san shi da tsananin bin wannan ƙa'ida, har ana kiran salonsa lissafin kari: idan ɗango na farko gaɓa kaza ne, abokin tafiyarsa ma dole ya zo da kaza, nauyi ya faɗa a gurbi ɗaya. Turanci ba harshen uwarsa ba ne, kuma an sha yi wa wasu baitocinsa tsiya cewa ma'anarsu ba ta fita sosai. Duk da haka duniya ta haddace su.

Mu kuwa Hausawa namu aikin ya fi nasa wuya, kuma ina faɗin haka da gaske. Harshenmu yana da karin sauti. Kowace kalma da hawanta da saukarta tun kafin a kawo kiɗa. Idan karin waƙa ya hau a inda kalma take sauka, sai ka ji Hausar ta koma wata iri, kamar baƙo ne ke yin ta. Saboda haka marubucinmu abu uku yake auna wa kowace gaɓa: tsawonta, wasalinta, da sautinta. Sannan ga amsa-amo yana jira a ƙarshen ɗango, ga ma'ana da Bahaushe ba ya yafewa. Wanda ya haɗa waɗannan duka a baiti guda, wallahi ya cancanci a jinjina masa.

Kuma dama can mun saba da wannan tsari, sunansa ne kawai ba mu sa ba. A wurin marigayi Mamman Shata, kalangu ke fara magana, 'yan amshi su kama, shi kuma ya riƙa zuba kalmomi a kan abin da ya riga ya tsayu, nan take a gaban jama'a. Ga kuma mawaƙan bandiri a Kano da suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Kari ya riga, kalmomi suka biyo.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya rabin tambayar: me ya sa waƙa ke taɓa zuciya? Iyayenmu da yawa sun zubar da hawaye a kan waƙar Indiya ba su jin Indiyanci ko kaɗan. Yau ma a Turai da Amurka dubban mutane ke cika fili suna bin mawaƙan Legas baiti-baiti, ba su san me Yarabancin ke cewa ba. Ashe akwai abin da ke isa zuciya tun ma'ana ba ta iso ba.

A 2011, masu bincike a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu, suka nemi mutane su kawo kiɗan da ke sa tsigar jikinsu tashi, kiɗa zalla marar kalmomi. Suka sa musu suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Suka ga tana sakin dofamin, sinadarin nan da ke da alaƙa da jin daɗi, a daidai gaɓar da mutum ya fi so. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wani sashe na ƙwaƙwalwar tun kafin a iso gaɓar yake fara sakinsa. Wato jiran ma da daɗinsa.

Ku riƙe wannan, mu koma kan allon furodusa. Kun ga nan, gab da amshi? Ganga ta ɗauke. Muryar tana hawa taki-taki. Sai ɗan shiru, bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Sai komai ya faɗo lokaci guda.

(A sa wurin sau biyu.)

A karo na biyu kun riga kun san abin da ke tafe, amma sai ya fi na farko daɗi. Ƙwaƙwalwa tana hasashen sauti na gaba, tana murna idan ta canka daidai, tana farkawa idan aka ɗan kauce mata. Gwanin kari ya san yadda zai ba ta abin da take jira sau biyu, a na uku ya jinkirta ko ya karkata kaɗan. Idan ya cika maimaici a gaji, idan ya cika kauce-kauce a rasa inda za a kama. Duk wannan awon a wurin "na-naa-na" ake yin sa, ba a kan takarda ba.

Kada a ce na ce kalmomi ba su da daraja. Kari ne ke sa ka tsaya ka saurara, amma baitin da ya faɗi abin da ke cikin ranka shi ke sa ka koma wa waƙa bayan shekaru. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mawaƙin da ya sami kari mai kyau, sannan ya yi ƙyuya, ya cike gurabe da duk abin da ya faɗo bakinsa, ya murɗe Hausar don ta shiga. Wannan shi ya kamata a yi wa faɗa, ba wanda aka ɗauka yana tsakiyar lalube ba.

Sauran matakan mu wuce su da sauri, don hotunan za su nuna muku. A ɗauki murya sau da yawa, a tsinci mafi kyau daga kowane ɗauka a haɗe. A ninka muryar amshi don ta cika. A gyara inda ta ɗan kauce da Auto-Tune, manhajar da Andy Hildebrand ya fitar a 1997, mutumin da a baya aikinsa nazarin sauti ne wajen neman mai a ƙarƙashin ƙasa. Manhajar tana daidaita muryar da ta zame, amma ba ta ƙago wa kowa kari. Sai a daidaita ƙarfin kowane sauti, a saurara a lasifikar sitidiyo, a saurara a mota, a saurara a 'yar ƙaramar waya, don a nan akasarinmu za mu ji ta.

Abu na ƙarshe, shimfiɗar farkon waƙa ta gajarce. Wani bincike a Jami'ar Jihar Ohio ya duba fitattun waƙoƙin Amurka daga 1986 zuwa 2015, ya ga kiɗan da ake yi kafin murya ta shigo ya sauko daga sama da daƙiƙa 20 zuwa kusan 5. A Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 kafin a lissafa cewa an saurare ta, shi ya sa yanzu wasu ke jefo amshi tun a buɗewa.

A bidiyo na gaba za mu zauna da fiyano mu warware sautukan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ku ji wanda ke sa waƙa ta yi sanyi da wanda ke ɗaga ta. Sai mun haɗu.