Amsoshin Tambayoyinku: Yawo da Cin Abinci a Birnin Rum da Ɗan Guzuri

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinku na Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk sun nufi wuri guda ne, wato birnin Rum, babban birnin ƙasar Italiya.

Ta farko ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce zai halarci taro a Italiya, zai kuma tsaya kwana uku a Rum, amma aljihun ba nauyi. Yana so ya san yadda zai shiga gari daga filin jirgi, da yadda zai riƙa zirga-zirga.

To Malam, idan a filin jirgin Fiumicino ka sauka, jirgin ƙasan da za ka fara gani shi ne Leonardo Express. Yuro 14 ne, kuma cikin minti 32 zai kai ka babbar tashar Termini. Akwai wani jirgin mai lamba FL1 da ake biyan yuro 8, sai dai ba ya shiga Termini, yana bi ne ta Trastevere da Ostiense da Tiburtina. Ka fara duba unguwar masaukinka kafin ka yanki tikiti, domin wanda ya hau FL1 alhali masaukinsa na kusa da Termini sai ya ƙara wata motar da kaya niƙi-niƙi. Tasi kuwa ta haura yuro 50, ka bar wa masu hali.

A cikin gari, tikitin yuro ɗaya da rabi yana aiki na minti 100 a bas da taragu, amma sau ɗaya kawai za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. Ana sayar da shi a tashoshi da shagunan taba masu babban harafin T a ƙofa. Inda baƙi ke faɗawa rami shi ne su saya su sa a aljihu. Dole da ka hau bas ka zura shi cikin 'yar na'urar da ke ciki ta buga masa lokaci. Tikitin da ba a buga ba, a wurin masu bincike daidai yake da babu, kuma tarar ta wuce yuro 50. Sannan a bas mai lamba 64, wadda ke tashi daga Termini zuwa wajen fadar Paparoma, ka rataya jakarka ta gaba, don 'yan sane sun san baƙi ne suka cika ta. Amma a gaskiya tsakiyar Rum ta ƙafa ce. Daga tsohon haikalin Pantheon zuwa maɓuɓɓugar Trevi tafiyar minti goma ce, takalmi mai laushi kawai kake buƙata saboda daɓen duwatsu.

Sai wasiƙar wata baiwar Allah daga Maraɗi, wadda ta ce ita abinci ne damuwarta: ina za ta samu halal, kuma mai sauƙin kuɗi?

Hajiya, kin yi tambaya mai muhimmanci, domin girkin mutanen Rum akwai alade a ciki fiye da yadda ido ke gani. Shahararrun taliyarsu guda uku, carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale. Idan kin ga prosciutto ko pancetta ko mortadella ko salsiccia a jerin abinci, ki kauce. Wasu gidajen burodi kuma suna kwaɓa fulawa da kitsen alade, sunansa strutto. Ki riƙe kalmomi biyu: "senza maiale", wato ban da alade. Abin da za ki ci hankali kwance shi ne cacio e pepe, taliya ce da cuku da masoro kawai, ko taliyar tumatir, ko fiza margherita mai tumatir da cuku.

Naman halal kuwa, ki nufi unguwar Esquilino, 'yar tafiya kaɗan daga Termini. A kasuwar da ke kusa da dandalin Piazza Vittorio akwai mahauta Musulmi, ga shinkafa, ga barkono, ga kayan miya irin namu, kewayen kuma cike yake da gidajen abincin 'yan Bangaladash da Larabawa. Idan masaukinki na da wurin girki, cefanen rana ɗaya a nan zai ɗauke ki kwana biyu.

Wajen kuɗi, abin da ke cinye guzurin baƙo a Rum shi ne kujera. Kofin gahawa da za ki sha a tsaye gaban kanta bai cika wuce yuro ɗaya da ɗoriya ba, amma wannan kofin, in kika zauna a tebur a gaban wani sanannen dandali, sai ya ninka sau uku ko fiye. Ka'idar shagunan ita ce ki fara biya wurin mai karɓar kuɗi, ki kai rasit kanta, a zuba miki. Da rana ki nemi masu yankan fiza a kan awo. Za ki nuna da hannu iya girman da kike so, a yanka, a ɗora a sikeli. Ki tsayar da mai yankan tun wuƙa ba ta sauka ba, don in kika yi shiru hannunsa a buɗe yake. A gidan abinci kuma ki kula da kifin da aka rubuta wa "all'etto" a gefe. Farashin giram 100 ne, ba na faranti ba, kuma kifi guda yana iya kai giram 600. Burodin da aka ajiye miki ba ki nema ba shi ma yakan fito a lissafi. Duk inda kika ga mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa da hotunan abinci, ki ƙara gaba layi biyu ko uku.

Ruwa kada ki saya. Birnin na da famfunan ƙarfe sama da 2,000 a bakin titi, ana ce musu nasoni, suna zuba dare da rana, ruwan sanyi ne mai tsabta. Ki toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai tsarto ta wata 'yar huda a sama ki sha, ko ki cika gorarki.

Ta ƙarshe daga Kumasi take. Mai sauraronmu yana tambaya ko akwai abin kallo na kyauta, da inda zai yi sallar Juma'a.

Akwai da yawa, Alhaji. Shiga babbar majami'ar San Pietro kyauta ne, sai dai layin bincike, kuma ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe. Tudun Gianicolo yana nuna maka birnin gaba ɗaya, kuma kullum da ƙarfe 12 na rana ana harba igwa a can. Idan kuɗi ɗaya za ka kashe, ka kashe shi a Colosseo, tsohon filin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Tikitin yuro 18 ya haɗa da kufan Foro Romano da tudun Palatino. Ka saya tun da wuri a shafin hukumar wurin, domin masu tallarsa a bakin ƙofa suna ɗora riba mai yawa. Tikitin da sunanka yake fitowa, saboda haka ka tafi da fasfo. Lahadin farko ta kowane wata shiga kyauta ne, amma in ba ka yi sammako ba rabin yininka a layi zai ƙare. Pantheon kuma a 2023 aka fara biyan yuro 5 kafin a shiga. Matakalar Spagna kuwa a hau a sauka ne, zama a kanta na jawo tara mai tsanani.

Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari a gindin tudun Monte Antenne. Ka hau layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Flaminio, daga nan ka shiga ƙaramin jirgin da ke nufar Viterbo, ka sauka a Campi Sportivi, sauran 'yar tafiya ce da ƙafa. Ka ba wa kanka sa'a guda daga Termini.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.